Arzika Mai Yasa da Kabar Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya leƙa rumfar Arzika a shekarunsa na ƙarshe ya san yadda ake tarar da shi: ordinata, wato kwamfuta, a kan turmi, kumatu a kumbure, ido ja wur. In mutumin cikin wasan da yake bugawa ya nutsa, shi ma sai ya ɗauke numfashi, ba zai saki ba sai an fito tare. Ka yi sallama goma, hannu kawai zai ɗaga maka.

Taubashina ne, ya girme ni nesa. Shekara arba'in yana yasar rijiyoyi daga Filinge har Sanam. Da gwiwa ta ƙi, sai ɗiyarsa Hadiza ta kawo masa na'urar daga Yamai, da wani wasa a ciki: duniya ta tashi, ruwa ya haɗiye birane, 'yan tsirarun da suka rage suna nutso suna tsintar abin rayuwa. Can ƙasan wani bene akwai jar ƙofa. Ita Arzika ya sa a gaba. Kullum ya doshe ta, igiyar ruwa ta turo shi baya, shuɗin layin da ke auna numfashi ya ƙare.

Layin nan ya sha zagi. "Mushe," haka yake kirana, wato malamin boko, don na koyar a lakwal, "wanga mutum mi ya ci? Ni da tsufana na fi shi huhu!" Ran nan mutumin ya shiɗe a ruwa, Arzika kuwa bai saki nasa numfashin ba sai da ya ƙirga ashirin a yatsa, wai don mutumin ya ji kunya.

Ba ya shiga gidan da ruwa ya ci sai da sallama. Na ce, "Yaya, masu gidan sun mutu, kuma ma zane ne." Ya ce, "Ruwa da masu shi. Ko ka taɓa shiga rijiya?" Ban taɓa ba. Gwangwanayen abinci da wasan ke so a kwasa, ya ce sata ce. Guga da igiya kaɗai yake ɗauka, su ne haƙƙin mai yasa. Mutuminsa ya rame da yunwa, amma kaf duniyar nan ba wanda ya kai shi guga!

To, ga inda na shigo. Wata rana rubutu ya fito, ya kira ni in karanta, don ba ya jin Faransanci. An ce ba a kaiwa ƙofar sai da *palmes*. Na gyara tabarau na ce, "Kaba ke nan. Ganyen goriba."

"Kaba? Cikin ruwa?"

"Shekara talatin ina koyar da harshen nan."

Ya ce, "Da ma Nasara bai san komi ba sai igiya, ita ma a wurinmu ya gani." Ya shiga neman goriba. Tsibiri bayan tsibiri, wata biyar cur. Ni kuwa tun a mako na biyu na buɗe ƙamus. Ma'ana ta biyu tana nan ƙasa kaɗan: takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, na masu iyo. Na sha ganinsu cikin wasan rataye a shagon farko na bakin ruwa, kullum yana wuce su yana ce musu takalman mahaukata.

Na rufe ƙamus. Ya za a yi in ce wa taubashi na yi kure? Ai har kasuwar Bankuku sai an ji. Kullum in na zo sai ya ce, "Mushe, yau ma ba kaba. Ko kana da abin cewa?" In ce, "Ƙara duba gabas." Na yi ta cewa gobe, har zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Ranar sadakar bakwai na ja Hadiza gefe na faɗa mata. Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen suka zarce.

"Kawu, ai ya sani. Tun zuwana na Sallah na nuna mishi."

"To mi ya hana shi ɗauka?"

"Ya ce sai Mushe ya faɗa da bakinshi. Ya ce ko sau ɗaya ne shina son ya ji."

Kun ji fa. Tsofaffi biyu da furfura, rumfa ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa. Kalma uku ce, ban ba shi ba, ya tafi bai ga bayan ƙofarsa ba.

Yaya, na yi kure. Allah ya ji ƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi kamar yadda ka shayar da garuruwa. Ni kuma Allah ya yafe mini taurin bakina.