Geron da Sikeli Bai Gani Ba

Har yau ranar da na je auna geron Malam Idi ba ta fita daga raina ba. A shekarun farko ne bayan an ƙaddamar da shari'a, ina ƙaramin malamin gona a wani ƙauye arewa da Daura. Da farko manoma sun ɗauka mu 'yan kwamitin zakka ne, sai da mai gari ya yi musu bayani.

Ga yadda aikin yake, don ku sababbin malaman gona. Da shuka za ka kafa turaku huɗu a gonar manomi, ka zagaye da igiya. Da kaka ka dawo, a yanke abin da ke ciki, a sussuke, a sheƙe, ka ɗora a sikeli, ka kwatanta da na bara. Da wannan ake sanin ko noma ya ci gaba.

Shekarar nan an ba mu sabon irin gero mai saurin nuna, gonar Malam Idi ce ta gwaji. Ka'idar ita ce, in bai fi na gargajiya ba, a janye shi daga ƙauyen. Na auna, sai ga shi ko na bara bai kamo ba! Raina ya ɓaci, don ni na yi ta tallan irin nan har muryata ta dishe. Malam Idi na tsaye yana kallo. Ni kuwa da saurin fushina na cike takarda na kai wa shugaban shiyya. Ya duba ya ce, "To, baɗi babu shi."

Bayan kwana biyu na koma cire turakuna. Ina tsugune sai na lura da kara da yawa ba su da kai, kuma ba ɓarnar tsuntsu ba ce, tsohon yankan wuƙa ne tun kafin girbinmu, har bakin ya bushe ya yi baƙi. Na kira Malam Idi na ce, "Baba, ɓarayi sun shigar maka ne?"

Sai ya ce, "Ɗana, ni ne ɓarawon. Rumbuna ya ƙare tun tsakiyar marka. Geron kowa bai nuna ba sai wannan. Shi muka riƙa yanka muna gasa tumu, har maƙwabta na ɗibar wa."

"Haba Baba! Me ya hana ka faɗa mini?"

"Magidanci zai tsaya gaban jama'a ya ce gidansa ba abinci?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na ƙirga karan da aka yanke ɗaya bayan ɗaya, na auna zangarniya daga ragowar gonar, na yi lissafi. Irin ya zarce na bara nesa ba kusa ba. Na ɗaure karan a bayan babur sai ofis, na zube su gaban tebur.

Shugaba ya ce, "Kai Sani, itacen girki ka kawo mini?" Na yi masa bayani. Ya ce takardarmu ba ta da gurbin abin da aka ci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ara mini rula." Na ja layi a gefe na rubuta: wanda aka ci kafin awo. Ya harare ni, ya yi tsaki, ya sa hannu. Ba a janye irin ba, kuma sunan Malam Idi bai fito a bayanin ba, don na yi masa alkawari.

Tun daga ranar na gane sikeli abin da ya rage kawai yake aunawa, manomi kuma ba zai tona asirin gidansa don takardarka ta cika ba. Saura kaɗan in raba ƙauye guda da irin da ya ciyar da su, saboda ya ciyar da su. In kun je gona, kafin ku buɗe sikeli, ku duba kara.