Kwanon Nonon Raƙumi Ɗaya Ya Kwantar Da Ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san shiruna ya yi yawa. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, a lokacin ko wayar ba na iya riƙewa.

Kun san abin da na mayar sana'a tun da na yi ritaya daga aikin fassara. Ina zaune da iyalina a unguwar Suwaidi da ke Riyad, gidan ɗana Sadiƙu. Da sanyi ya shigo sai in saɓa jakar baya in nufi ƙauyukan da ke bayan Riyad, in yi ta tafiya a ƙasa. In na gaji in samu gindin dabino in buɗe tsohon littafin adabi. In na dawo, 'yan'uwa 'yan Najeriya su gayyace ni taro in ba su labarin abin da na gani.

A irin wannan yawon na yada zango a wani garken raƙuma. Mai garken mutumin kirki ne. Ya tatso nono a gabana, ya miƙo mini da kumfarsa. Na kalli kwanon. Bakinsa ya yi baƙi da dauɗa, ƙudaje sun yi masa zobe, ga gashi yana yawo a sama. Amma mutumin yana tsaye yana murmushi, yana cewa in sha. Na rufe ido na shanye.

Har yau in na tuna ɗumin nonon nan a maƙogwarona sai na tofar da yawu.

Sai bayan wasu makonni abin ya fara. Zazzaɓi da yamma, da safe ya tafi kamar ba a yi ba. Daga nan zufa ta biyo baya, mai wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa. In yi wanka, in sa turare, warin yana nan. Na tsani jikina. Matata Hajiya takan cire zanen gado jiƙe sharkaf, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, ni ne nake kau da kai.

Na je wani ƙaramin asibiti. Likitan ko taɓa ni bai yi ba. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ce maleriya ce. Na ce masa rabona da gida shekaru ne. Ya ci gaba da rubutu.

Na sha maganin, ba abin da ya canza, sai ma ciwon baya da ya ƙaru.

A haka na je yin jawabi a wani ɗakin taro a unguwar Badi'a. Ina tsakiyar magana ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na tuna na kama tebur, na tuna rigata ta manne a jikina, wani mutum a layin gaba ya toshe hanci. Sadiƙu ne ya ciccibe ni zuwa mota, yana cewa, "Baba, yau babu gardama, babban asibiti za mu."

Aka kwantar da ni. Kullum a ɗebi jini. Aka tura ni cikin na'urar hoton nan mai kama da kabari, tana ta ƙara a kunnena, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Wata likita 'yar Sudan ce ta ja kujera ta zauna. Ta tambayi inda nake zuwa da abin da nake ci. Sai ta ce, "Ya Hajji, ka sha ɗanyen nono?"

Cutar burusela ce, a nan suna ce mata zazzaɓin Malta. Ta riga ta shiga ƙashin bayana. Na tambaye ta ko zan sake tafiya da ƙafata. Ta ce, "In sha Allahu, amma da ka ƙara jinkiri da ba haka zan ce ba." Ranar na ji tsoro na gaske.

Magani kuma wani bala'in ne. Allura kullum har mazaunaina suka yi tauri. Ƙwayoyi masu mayar da fitsari ja kamar manja, har zufar ma ta rina mini singileti. Bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Inshora ta ƙi ɗaukar wani ɓangare, Sadiƙu ya biya, ya hana a gaya mini nawa ne.

Abin da ya fi ba ni takaici masu dubiya ne. Wani ya ɗauke ni hoto ina barci baki buɗe, ya watsa a guruf wai a taya ni da addu'a. Wani Alhaji kuma ya shigo da gora a leda, ya ajiye a gefen gado, ya ce ɗanyen nonon raƙumi ne, maganin kowace cuta. Ina jin ƙarninsa na fara kelaya amai. Hajiya ta miƙa masa gorarsa ta ce, "Alhaji, mun gode, ka kai wa iyali."

Yanzu alhamdu lillahi. Gwajin ƙarshe ya yi kyau. Ina zagaya unguwa da sanda bayan la'asar, jakar bayan dai likita ta ce ta jira.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya da Sadiƙu, da likitar da ta zauna ta saurare ni, da ku da kuka yi addu'a ba tare da kun nemi hoto ba.

Shawarata: kada ku sha nonon da ba a tafasa ba, na raƙumi ne, na akuya ne ko na saniya, ko da mai bayarwa zai ji ba daɗi. Ka ce masa likita ya hana ka. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa ba na zama a gida ba ne. In likita ya yanke maka hukunci daga jin sunan ƙasarku, tashi ka nemi wani. In kuma ka samu mai tambaya, gaya masa duk abin da ya shiga cikinka, har wanda kake jin kunyar faɗa.