Ranar da Baba Ya Kashe Mini Zane

Ni ba haifaffen Maigatari ba ne, kowa ya ce haka ƙarya yake. Daga arewa muka gudo, ni da babana, lokacin da Faransa take kwasar samari zuwa yaƙi, wanda aka ɗauka kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa. Gashin baki ya fara fito mini, ga tsawo, irina ake nema.

A Maigatari wani majemi ya ba mu masauki. To, a zamanin nan asalin mutum a fuskarsa yake. Ina da dogayen zane a kumatu, na gidanmu tun kakan kakana, kowa ya gani ya san garinmu. Dogaran Faransa kuwa sukan ƙetaro, su saje da masu cin kasuwa suna duba fuskoki, su bi mutum har gona su kama. Da idona na ga an ɗaure wani a jikin raƙumi ana ja. Uwarsa ta biyo su tana ihu, aka sa gindin bindiga aka fasa mata baki.

Baba ya je wurin wanzami, wanzami ya ce shi ba ya ɓata zanen wani. Da hantsi sai baba ya kira ni majema, majemin da ƙanensa suka danne ni.

"Baba, me na yi?"

"Rufe idonka, ɗan nan."

Da wuƙar kankare fata baba ya bi zanen nan yana giciye su, ya cusa baƙin tukunya a ciki. Wayyo! Na ciji majemin har haƙorina ya karye. Na tsani babana ranar nan, tsana ta gaske. Amma da dogarai suka zo, ɗaya ya ɗaga haɓata da mashi, ya duba, ya tofar da yawu, ya wuce.

Bayan baba ya rasu, ƙasa ta lafa, na koma garinmu neman dangi. Gwaggota, yayar baba, ita kaɗai ta rage cikin manya, idonta ya tafi. Na lissafo mata kakannina tiryan-tiryan. Ta sa yatsu ta shafa kumatuna, ta daɗe tana shafawa.

"Sunaye ai ko a kasuwa sai a tsinta," in ji ta. "Ɗan ƙanena a cinyata aka yi masa zane. Ku ba baƙo ruwa ya kama hanya."

Na sha ruwan kuwa, a tsaye, a ƙofar gidan da aka binne cibiyata.