Alayyahun Nata'ala

Nata'ala ɗan masu lambu ne daga bakin kogin Wudil. Karatu ya kawo shi Landan, karatun ya ƙi, ya ɓuge da aikin lambu a wani tsohon gidan attajirin Bature da hukuma ta mayar wurin shan iska. Shekara tara yana aske shuke-shuke kamar wanzami, kuma bai taɓa daina raina wurin ba. Eka huɗu, ga taki ga ruwa, amma babu abin da za a jefa a tukunya. A ce wannan lambu ne? Shi dai ciyawar masu ƙoshi yake kiransa.

A 1976 matarsa Sakinatu ta samu ciki bayan ɓari biyu. Komai ta ci sai ya dawo, ba abin da ranta ke so sai miyar alayyahu. Nata'ala ya aika gida aka kawo iri, ya barbaɗa a ɓoye bayan furen wardi.

Sai aka yi fari. Wardi ya ƙone, Turawa suka yi ta jimami kamar an yi musu rasuwa, alayyahu kuwa ya miƙe abinsa. Shugabarsa, Madam Jane, ta gani ta yaba, ta sa aka kewaye shi da sarƙa, aka kafa allo da wani dogon suna. Ta ce duk wanda ya tsinki ganye ɗaya a bakin aikinsa. Wa aka ba gadi? Nata'ala.

Mako biyu yana gadin miyar matarsa, ita tana ramewa a gida.

Ran nan sai ga Lawal, abokin karatunsa da kuɗin fetur ya mayar ɗan kwangila, ya zo Landan sayayya, ya biyo ta lambun da babbar riga da kyamara a wuya. Ya tsaya gaban sarƙar yana jinjina kai, wai Turawa sun iya fure, zai yi oda a dasa masa irinsa a Kaduna.

Abin ya ishi Nata'ala. Ya tsallake sarƙar, ya sa almakashin hukuma ya yanke alayyahun tas, ya ɗaure dami.

"Alhaji, da furen nan aka yaye ka," in ji shi.

Washegari aka sallame shi. Ranar Sakinatu ta cinye malmala biyu, kuma ba abin da ya dawo.