Kwali Goma Sha Biyu da Aka Hana Malam Musbahu Buɗewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Musbahu Sada a nan Birnin Kudu, bayan zazzaɓin da bai cika mako guda ba. Ranar Lahadi aka kawo shi asibiti daga ƙauyen da yake koyarwa a ƙasar Gwaram, ranar Talata bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Shekarunsa arba'in da uku. Ya bar matarsa Hapsatu da 'ya'ya huɗu.

Sunana Ɗanbala. Ni ke riƙe da makullin sito a makarantar 'yan matan da ya koyar da kimiyya shekara tara kafin a ɗauke shi. Ba ni da ja da hukuncin Ubangiji, kwana idan ya ƙare ya ƙare. Fushina da mutane nake yi, kuma ina cikinsu.

Malam, tagar sitona tana kallon ajinka, shi ya sa na zama ɗalibinka ba tare da ka sani ba. Ina jin ka ranar da ka fara yi wa yara maganar mutum-mutumi. Duk a zatonsu wani ƙaton ƙarfe ne mai jajayen idanu irin na fim. Ka bari suka gama dariya, sannan ka tambaye su yadda mai ƙosai take sanin ƙosai ya soyu. Suka ce ido ne ke gani, hankali ya yanke, hannu ya tsame. Ka ce, "To shi ke nan, kun gama karatun. Duk na'urar da ke iya jin abin da ke kewaye da ita, ta yanke abin yi, ta kuma aikata, ita ce mutum-mutumi, ko da kama take da tukunya."

Washegari ka shigo da tukunyar kuwa, da shukar tattasai a ciki. Ka soka ƙusoshi biyu a ƙasar, ka haɗa su da wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, da ɗan famfon wanke gilashi da ka ciro daga matacciyar mota a garejin bakin tasha. In ƙasa ta bushe famfon ya tashi da kansa, in ta jiƙe ya tsaya. Maigadinmu ya gani ya ja da baya yana neman tsari. Ba ka yi masa dariya ba. Ka zaunar da shi, ka sa shi ya zare waya ɗaya da hannunsa, abin ya mutu, ya mayar ya tashi. Daga baya shi ne mai kai baƙi su gani, yana yi musu bayani kamar shi ya ƙera.

Ka ce musu akwai na'urorin da suka wuce wannan, waɗanda ake koya wa abu da misalai. A nuna wa na'ura hoton ganyen gyaɗa dubu, masu lafiya da masu cuta, har ta iya rarrabewa ta faɗa wa manomi. Amma ka ja kunnensu: wanda ya koya mata ƙarya, ƙarya za ta riƙa faɗa, kuma ba ta da kunya. Burinka ɗiyar manomi daga ƙauyen Wurno ko Sundimina ta zama mai koya wa na'ura, kada ta tsaya a mai sayen abin da wasu suka koyar.

A shekarar 2021 wata ƙungiya ta ji labarinka ta aiko da kwali goma sha biyu na kayan koyon haɗa mutum-mutumi, sababbi fil. Ni na sauke su. Kana tsaye kana shafa kwalin, bakinka ya ƙi rufuwa. Sai shugaban makaranta na lokacin ya ce kada a taɓa, sai manyan baƙi sun zo sun ƙaddamar.

Wanda bai yi aiki a irin wurarenmu ba ba zai gane wannan cuta ba. Mu abu ba ya zama na amfani sai an kafa rumfa, an jera kujeru, wani mai babbar riga ya yanke ƙyalle an ɗauki hoto. Rijiya ma sai ta jira almakashi kafin mai ƙishirwa ya sha. Sau huɗu ana sa rana. Sau biyu aka share fili aka yi wa duwatsu farar ƙasa, yara suka bar darasi mako guda suna koyon waƙar maraba, aka tsayar da su a rana har la'asar, ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko da ban haƙuri. Ka yi ta zuwa ofis kana cewa baturan da ke ciki ba sa son dogon zama, ajiya kashe su take yi. Aka ce ka cika gaggawa. Shekara biyu muna jiran gawon shanu, rukuni biyu na ɗalibai suka gama suka tafi ba su ga ko launin abin da aka aiko dominsu ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wata Asabar da safe ka same ni a gida ka ce, "Malam Ɗanbala, kwali ɗaya kawai. Zan mayar yadda yake." Na ba ka makulli da hannuna. Mako uku yara suna haɗa wata 'yar mota mai bin baƙin layi a ƙasa, in ta ga bango ta kauce. Wata yarinya, Zulaiha, wadda ba a taɓa jin muryarta a aji ba, ita ta gano abin da ke sa motar juyawa hagu kullum, ta gyara. Labari ya kai ofis. Aka kira mu mu biyu, aka tambaye ni yadda makulli ya fita. Na ce a aljihun tebur na manta shi. Ka dube ni sau ɗaya, ka ce haka ne, kai ka ɗauka. Aka ba ka takardar tuhuma, aka rubuta cewa ka keta hurumin kayan da ba a ƙaddamar ba. Kafin wata biyu aka tura ka ƙauyen da ko wayar lantarki ba ta isa ba. Ni aka bar ni da kujerata da makullina.

Ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Duk lokacin da ka shigo gari sai ka tsaya da babur a ƙofar gidana ka gaida mahaifiyata, ka duba fitilar sola da ka gyara mata. Abin da kawai kake tambayata shi ne, "An buɗe?" In ce tukuna. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Na ji cewa a can ma ba ka zauna ba, da batirin babur ɗinka ka haɗa wa yara abin korar tsuntsaye daga gonar gero, mai kaɗa gwangwanaye in ya ji motsi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar addu'ar uku. Mutanen da suka sa hannu a takardar tuhumarka sun zo cikin manyan motoci, aka ba su tabarmar gaba. Ɗayansu ya miƙe ya ce jihar nan ta yi rashin gwarzo, kuma domin girmama ka za a sa wa ɗakin kayan sunanka, a ƙaddamar da shi a zango mai zuwa in an sami lokacin manyan baƙi. Mutane suka ce madalla. Wato ko mutuwarka ba ta isa ta buɗe ƙofar nan ba, sai dai ta ba su dalilin sake kafa rumfa. Kun hana mutum aikinsa yana raye, yanzu kuna son aron gawarsa ku ɗauki hoto. Ku ji tsoron Allah. Allon suna bai taɓa koya wa yaro komai ba.

Ranar Litinin da ta wuce, bayan an tashi daga taron safe, na buɗe sito a gaban kowa. Na kira Madam Margaret mai koyar da lissafi, wadda ka bar wa littafin darussanka, muka fito da kwalayen. Gara ta cinye gindin uku. Batura duk sun kumbura kamar yadda ka faɗa. Amma takwas sun tashi da muka sa musu wasu, kuma yau kwana huɗu ke nan 'yan ajin ƙarshe suna kansu. Zulaiha ba ta ciki, ta gama tun bara. An kira ni ofis an tambaye ni wa ya ba ni izini. Na ce ba kowa, kuma a rubuta cewa wancan karon ma ni ne na bayar da makulli. Takardar tuhumata tana hanya, ina jiranta.

Malama Hapsatu, ke da yara da 'yan'uwansa na Birnin Kudu da Gwaram, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma roƙonku gafarar da na kasa roƙonsa yana da rai. Mijinki bai ɗauki makullin kowa ba.

Allah ya jiƙan Malam Musbahu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ilimin da ya shuka ya zame masa sadaka mai gudana, ya raya abin da ya bari, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka yi shiru lokacin da magana za ta yi masa amfani, Allah ya yafe mana, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.