Rabin Kitso

Har yau in na ga mai kitso ta kwantar da kan yarinya a cinyarta sai zuciyata ta tafasa, alhali ba dukkansu ne suka yi mini laifi ba. Guda ɗaya ce, a Kabo, kuma ban yafe mata ba.

Lokacin ina aikin raino a wani gida a bayan garin Gwarzo, a shekarun da aka fara Shari'a. Wata nas 'yar Filato da ta yi ritaya ce ta buɗe shi, wani Alhaji ya ba ta aron gidan. Yaran da muke riƙo guragu ne da kurame da makauniya ɗaya, duk da cutar ƙanjamau aka haife su, iyaye sun rasu, dangi sun yi ko oho. Ni kuwa mijina ya mutu ya bar ni a Kutama, ga tsadar rayuwa, kwanon gero ya gagari talaka, shi ya sa na karɓi aikin da kowa ke gudu. Don tuwo na je, ba zan yi ƙarya ba. Daga baya ne makauniyar nan ta shiga raina.

Shekarunta tara, ga surutu kamar rediyo. Dokar gidan da nas ta kafa ita ce ba a faɗa wa yaro sunan cutarsa sai ya yi hankali. Ƙwayar da suke sha safe da yamma, maganin ƙarin jini muke ce musu. Ita kam ta yarda, har faɗa take yi wa ƙanana in sun tofar.

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah ta kafe sai an yi mata shuku, irin wanda ta taɓa shafawa a kan wata baƙuwa. Ni kalaba kawai na iya, ita ma a karkace. Masu kitson Gwarzo duk sun san mu, wadda na je wa sai ta ce hannunta ke ciwo. Sai na sa mata hijabi muka shiga motar Kabo, a baya inda aka ware wa mata, ga azumi a bakina. Can na samu wata mai kitso da ake yabo, na ce mata 'yar ƙanwata ce.

Aiki ya yi nisa, ana hira, har tana yaba tsawon gashin. An gama ɓangaren dama ke nan wata mai tallan daddawa da ke zuwa kasuwar Gwarzo ta yi sallama. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta sunkuya ta yi wa mai kitso raɗa. Sai mai kitson ta ture kan yarinyar daga cinyarta kamar ta ga kunama, ta jefa tsinke da mataji a murhu, ta hau cuɗa hannu da toka. Ƙofa kawai ta nuna mini.

"Inna, an gama?" in ji yarinyar, tana laluben kanta.

Wallahi a nan idona ya rufe. Nas ta sha gaya mana cewa kitso ba ya ɗaukar wa kowa cutar nan, na kuma faɗa wa matar haka, na haɗa mata da zagin da ba zan rubuta ba. Bai ishe ni ba. Da muka fito na tuɓe wa yarinyar hijabi, na riƙe hannunta, na shiga bin gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya. Kowace mai kitso an san hannunta, ba sai na faɗi suna ba. Duk gidan da na shiga sai in tsayar da ita a tsakar gida, rabin kai a kitse, rabi a tsefe, in ce su kalli aikin maƙwabciyarsu, mai azumi, a kan marainiya makauniya, don kawai an ce mata tana da ƙanjamau. Da ƙarfi nake faɗa don na cikin ɗaki su ji. Wasu suka yi salati, wasu suka janye 'ya'yansu, ni ko a jikina.

Na ƙare a ƙofar mai unguwa. Ya aika aka kira mijin mai kitson, ya wanke shi tas a gaban mutane. Daga baya na ji mijin ya hana ta kitso har bayan Sallah, lokacin da take samun na shekara, 'yan matan unguwar suka koma wajen wata. Na ji daɗi ranar, kuma ko yanzu da nake rubutawa ina jin daɗinsa. Allah ya isa tsakanina da ita.

Sai da mota ta tashi na lura mai surutun nan ba ta yi magana ba tun gidan farko. Ina cikin huci, ina ta ba matar da ke kusa da ni labari, sai na ji ta zare hannunta daga nawa.

"Inna, ni ce mai ƙanjamau ɗin?"

Mai kitso, duk muguntarta, raɗa aka yi mata kuma ba ta maimaita ba. Ni ce na tsaya a kan yarinyar nan na yi ta shela gida-gida, kamar don ba ta gani ba ta ji.

Na kai hannu zan jawo ta jikina, ta matsa can jikin ƙofa ta takure.

"Kar ki taɓa ni, Inna, kar ke ma ki ɗauka."

Na rantse mata da Allah ba a ɗauka ta haka, na sake rantsewa. Ta ce ai da ma na ce mata ƙarin jini ne. Haka muka isa Gwarzo, tana manne da ƙofa, ni kuma hannuna a cinyata.