Rumbun da Ya Yi Tari

Gidanmu na Filinge yana gefen gari, wajen da hanyar shanu ta gangara zuwa babban kwarin da ake kira dallol. A lokacin ɗari, da an gama cin tuwo, sai Kaka Hajo, uwar babanmu, ta sa a hura mata wutar kara a bakin ɗakinta. Mu shida ne jikokin da ke gidan, ni ce ta uku. Zamanin mulkin soja ne, ba a daɗe da fita yunwa ba. Manya suna zaure da rediyo suna zancen rabon hatsi, mu kuwa muna ture juna don kowa ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi.

Kaka ba ta sauya murya in tana tatsuniya, ba ta waƙa. Tana magana tana ɓarar gujiya a ƙwarya. In wani ya yi surutu sai ta yi shiru, har mu da kanmu mu tsawata masa. Takan fara da cewa, "Ga ta nan, ta taso daga nesa," mu amsa, "Ta iso mu ba ta tabarma." Yawancin tatsuniyoyinta na shekarun nan na hatsi ne, amma ban lura da haka ba sai da na girma.

Akwai ta wani manomi, Nomau, wanda ya gina rumbu guda ƙato, ya ce ƙananan rumbuna uku ɓarnar laka ne. Geron damina uku ya zuba a ciki. Ran nan matarsa Zali tana daka sai ta ji rumbun ya yi tari.

"Malam, rumbunga shina tari," in ji ta.

"Rumbu ka tari? Mi kinka sha?"

Bai rufe baki ba rumbun ya sake yi. Nomau ya ɗauki taɓarya ya buga masa sau ɗaya, ya yi tsit. Bayan wata guda tarin ya dawo, ya sake bugawa, ya sake yin shiru. Zali ta ce a kwashe geron a zube bisa tabarmi, sannan a duba. Nomau ya ce kwana nawa za a yi ana kwasa, ga noma yana jira? Da damina ta yi tsaka, tarin ya hana su sakat, sai ya kira magini. Magini ya zagaya rumbun yana ƙwanƙwasa da ƙarfi don ya gano inda ya lalace. Ashe gara ta cinye gindin tun daɗewa. A bugu na bakwai ƙasan ya rufta, geron damina uku ya zube cikin taɓo. Abin da suka tsinta bai cika masaki biyu ba.

Mu dai dariya muka yi, don Nomau da taɓaryarsa. Kaka ta bari muka gama, sannan ta ce, "Kwashe hatsi, sannan ka tambayi rumbu abin da ka damunai. Ta ƙare, ku tahi ku kwanta."

Na yi lekol, wato makarantar boko, na koyi buga takardu a Yamai, bayan farar hula sun karɓi mulki na sami aikin sakatariya a ofishin wata ƙaramar hukuma a ƙasar Kurfai. Takardun haihuwa ne a hannuna. Suna rubuce a manyan littattafai, aka kawo mana ordinatar guda, wato kwamfuta, aka ce in shigar da su ciki, ƙauye bayan ƙauye. Shekara uku na yi ina wannan aiki.

Sai injin ya fara tsayawa. Ina cikin rubutu sai fuskar injin ta koma shuɗiya, komai ya ƙame. In na kashe na kunna, yakan tashi, wani lokaci ya rubuta da Faransanci cewa akwai matsala a diski, wato faifan da ke riƙe da duk abin da aka shigar. Daga ciki kuma ana jin wata ƴar ƙara, kat, kat, kamar ana taɓa faranti da farce. Nakan ɗan dafa gefensa, in sake kunnawa, in ci gaba. Akwai wani diski na ajiya a aljihun teburina wanda aka kawo tare da injin. Amma kwashe takardun zuwa cikinsa yana cin rabin yini, wuta tana yankewa, ga mutane tsaye a ƙofa wasu tun daga nesa a kan jaki. Kusan wata biyu na yi a haka.

Ranar da ya ƙi tashi ta faɗo lokacin haɗa takardun jarrabawar ƴan firamare, sa'ad da kowane yaro ke bukatar shaidar haihuwarsa. Sai a kunnawa ta huɗu ya buɗe. Na kira Isufu, ɗan kawuna, mai gyaran irin waɗannan injuna a Yamai.

"Yaya Rabi, akwai binciken da injin ka yi ma diski shi gyara kurakurai. Bari in gaya miki inda za ki taɓa."

Na kai hannu, sai na tsaya. Ba zan ce na ji muryar Kaka ba. Maginin ne kawai ya faɗo mini a rai, yana zagaye yana ƙwanƙwasa.

"Isuhu, in kwashe takardun tukuna?"

"Shina wata ƙara ne?"

Na kara wayar a jikin injin. Ya saurara, ya ce, "Kar ki sa binciken nan, ƙarasa shi zai yi. Kwashe. Kar ki ɗauko su gaba ɗai, ƙauye-ƙauye. Wanda yac cije ki bar shi ki wuce. Kuma kar ki bari injin shi mutu."

Na rufe ƙofa, na roƙi mai gadi ya ba mutane haƙuri, aka tayar da janareto saboda yankewar wuta. Na zauna ina kallon layin da ke tafiya a hankali a fuskar injin, yana nuna abin da aka kwashe. Wasu ƙauyukan suka wuce lafiya, wasu sai a gwaji na uku. Ana kiran la'asar ƙarar ta yi yawa, fuskar ta ɗauke, bai sake tashi ba.

Na fitar da komai ban da ƙauyuka huɗu. Uku suna nan a littattafai, na sake buga su cikin mako biyu. Littafin na huɗu kuwa ruwa ya jiƙa shi a daminar da rufin ofis ya yi yoyo, tawadar ta narke. Abin da na shigar kafin nan shi kaɗai ne ya rage, ya kuma tafi da diskin.

A ƙauyen nan akwai Fatu, ɗiyar wani makiyayi mai suna Buba, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Takardar da aka ba uban tun haihuwarta ta ɓace a wata ƙaura. Sai an je kotu da shaidu kafin a yi mata wata, kafin a gama an rufe karɓar takardun jarrabawa. Ta rasa shekarar.

Isufu ya zo ya sa sabon diski, ya ce zafi da yankewar wuta ne suka kashe tsohon. Babu wanda ya zarge ni. Shugaban ofis ma yabona ya yi a gaban mutane, ya ce na ceci aikin shekara uku.

Muna yara mun ɗauki Nomau wawa. Yanzu ban ɗauke shi haka ba. Dukan nan da yake yi yana aiki, kowane lokaci tarin yana tsayawa, kuma da gaske noma yana jiransa. Ina jin Kaka ta san mutane irinsa a shekarun yunwa, masu hankali ne, shi ya sa ba ta taya mu dariya ba.

Zuwan Buba na uku ofis neman takardar, da na gaya masa lokaci ya wuce, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "Ba komi, Madam. Allah bai nuhwa ba. Kin yi ƙoƙari." Ban gyara masa magana ba. Fatu ta rubuta jarrabawar a shekara ta gaba, ta ci, yanzu tana koyarwa a wani ƙauye kusa da Bonkuku. In mun haɗu ranar kasuwa takan durƙusa ta gaishe ni, in amsa, in tambayi gida. Har yau ban ba ta labarin watanni biyun nan ba.